Lambar da ke Jikin Turombon: Yadda Ake Sa Ƙarfe Ya Faɗi Shekarunsa

Mai karatu, a ce yau an buɗe tsohon sito na wata makaranta a Safana ko Batsari don a yi shara. Bayan karyayyun bencina da ganguna masu yagaggiyar fata, sai ga wani dogon abin busa na tagulla, ya yi baƙi, jikinsa duk lotsewa. Kana jan wani sashe nasa sai ka ga ya ƙara tsawo, ka tura ya koma. Wani dattijo ya ce tun zamanin En'e yake nan. Wani ya ce a'a, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 aka kawo shi. Mai gwangwan kuma yana bakin ƙofa da sikelinsa, ya ce a auna masa a kilo.

To wa ya fi gaskiya? Abin nan sunansa turombon, ɗaya daga cikin kayan busar 'yan badujala. Kuma akwai hanyar da shi da kansa zai raba wannan gardama, idan ka san inda za ka duba. A wani lungu na jikinsa akwai 'yan lambobi da aka buga, waɗanda muka saba kira siriyal lamba. Yau za mu bi tarihin wannan lamba: yadda aka fara ta, inda take ɓuya, abin da take iya faɗa maka da wanda ba ta iyawa.

Mene ne turombon?

Bututu ne na tagulla wanda idan aka miƙe shi zai kai kusan mita 2.7, sai aka lanƙwasa shi don ya riƙu a hannu. Kashi uku gare shi: bakin busa, sai bututun ja mai shiga da fita, sai ƙarshensa mai faɗi kamar mazurari, inda sauti ke fita. Mai busa yana kaɗa leɓɓansa ne a bakin, iskar da ke cikin bututun ta ɗauki kaɗawar. Idan bututu ya yi tsawo sauti ya yi kauri, idan ya gajarta ya yi siriri. Bututun jan yana da matsaya 7, kowace da nata sautin.

Kwatanta shi da kakakinmu. Shi ma dogon bututun ƙarfe ne da ake busawa da leɓɓa, amma tsawonsa ba ya canzawa, shi ya sa sautukan da yake bayarwa ba su da yawa. Ka riƙe kakakin nan a ranka, za mu dawo kansa.

An fara ganin turombon a Turai a ƙarni na 15. Mafi tsufa da ya rage har yau shi ne wanda wani maƙeri mai suna Erasmus Schnitzer ya ƙera a birnin Nuremberg na Jamus a 1551. Ta yaya aka san shekarar? Maƙerin ne ya zana sunansa da shekarar a gefen mazurarin. A wancan zamani babu buƙatar wata lamba, domin maƙeri ɗaya da yaransa ne ke aikin, kuma abin da za su ƙera a shekara bai wuce a ƙirga ba.

Yadda lamba ta shigo

Abin ya canza a ƙarni na 19, lokacin da maƙera ta zama masana'anta. Rundunonin soja suka yawaita, ma'aikatan ma'adinai da na masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyoyin busa, aka koma ƙera kayan dubbai. A nan ne mai kamfani ya ga ba zai iya riƙe komai a ka ba. Wane ma'aikaci ne ya yi wannan? Yaushe aka gama shi? Wa aka sayar wa? Idan aka dawo da shi da matsala, laifin wa? Sai aka riƙa buga wa kowane ɗaya lambarsa, a jere, a kuma rubuta lambar a babban littafi tare da bayaninta.

Ka lura da wannan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan maganar: ba don masu tarihi aka yi lambar ba, don akawun kamfani aka yi ta. Lambar makulli ce kawai. Ɗakin da take buɗewa shi ne littafin.

Ga kamfanonin da sunansu ya fi fitowa a tsofaffin kayan da suka zo ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka. Akwai Besson, wanda ya fara a Faris a ƙarshen shekarun 1830, daga baya ya kafu a Landan. Akwai Boosey & Co, wanda ya sayi masana'antar Henry Distin a 1868. Akwai kuma Hawkes & Son. A 1930 Boosey da Hawkes suka haɗe suka zama Boosey & Hawkes, sannan a 1948 suka haɗiye Besson na Landan. A Amurka kuwa akwai C. G. Conn a garin Elkhart, da H. N. White na Cleveland masu tambarin King, da Vincent Bach.

Ta ina ya biyo ya zo ƙasar Hausa?

Ta hanyar bariki. A 1863 wani jami'in Ingila a Legas, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna wadda yawancin mutanenta masu jin Hausa ne, har aka riƙa kiranta Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Yammacin Afirka, wadda ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da Katsina ma ta shiga hannun Turawa. Sojan Ingila ba ya tafiya sai da bigila, domin ita ce agogonsa: da ita ake tashi, da ita ake fareti, da ita ake kwanciya. Bayan bigila da ganga sai cikakkiyar badujala ta biyo baya, da turombon a cikinta.

Hausa ce harshen bariki a wancan lokaci, kuma 'yan Arewa da yawa sun shiga soja. A yaƙin duniya na biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka sun yi yaƙi a Bama, abin da har yau tsofaffi ke kira yaƙin Bama. Daga soja badujala ta wuce zuwa 'yan sanda, da majami'u, da makarantu. Faretin 1 ga Oktoba da na ranar yara, 27 ga Mayu, da ɗalibai ke yi a hedikwatar ƙananan hukumomi jikan wancan fareti ne na bariki.

Ke nan tsohon turombon a Arewa yana iya zama ya biyo ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, ko kuma ya shigo daga baya cikin kayan gwanjo. Lambar ce za ta fara rage maka zato.

Ina za ka duba?

Da farko raba shi biyu. Akwai zobe mai zare da ke haɗa sashen mazurari da bututun ja. Kwance shi a hankali. Idan ya ƙi, kada ka sa filaya, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana.

Wuri na farko shi ne saman bututun ja, kusa da inda ake soka bakin busa, da kuma kan sandunan da ke gicciye inda mai busa ke riƙewa. Yawancin kamfanoni a nan suke bugawa. Wuri na biyu shi ne daidai mahaɗar sassan biyu, a ɓangaren mazurari. Na uku, idan turombon ɗin yana da ƙarin bututu a baya mai maɓalli da ake dannawa da babban yatsa, duba jikin gwangwanin maɓallin. Na huɗu, kan mazurarin kansa, ƙarƙashin sunan kamfani. Tsofaffin kayan Ingila sukan sa ta a nan.

Abin takaici, inda aka fi buga lambar nan ne hannu ya fi taɓawa. Zufa tana da gishiri da ɗan tsami, shekara hamsin tana cin ƙarfen. Don haka goge wurin da tsumma da ruwan sabulu kawai. Kada ka sa yashi, ko toka, ko soson ƙarfe, domin za ka ƙarasa abin da zufa ta fara. Shiga ɗaki mai duhu, ka kunna tocilan ta waya, ka haska daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen. Hasken gefe yana sa kowane ɗan rami ya yi inuwa, sai ka ga lambar da ba ka gani da rana ta fito. Ɗauki hoto ka ƙara girmansa.

Sai tarko guda biyu. Na farko, akwai lambar samfuri, wadda ba ita ce siriyal ba. Idan ka ga 88H a jikin Conn, ko 3B a jikin King, ko YSL-354 a jikin Yamaha, wannan sunan ƙirar ce, dubbai ne ke ɗauke da ita. Kamar ka ce babur ɗinka Bajaj Boxer ne, ai ba ka faɗi lambar injinsa ba. Na biyu, lambar bututun ja tana iya bambanta da ta mazurari. Wani lokaci kamfanin ne ke ba kowane sashe jerinsa daban. Wani lokaci kuma, musamman a badujalar da kaya suka yi ƙaranci, an haɗa kan wannan ne da gangar jikin wancan. Rubuta duka biyun.

Idan lambar ta goge fa?

A nan kimiyya ke shigowa. Tagullar kayan busa gami ce ta jan ƙarfe da sinadarin zinki, yawanci kashi 70 da kashi 30 cikin ɗari. Idan ka duba ta a madubin ƙara girma za ka ga ƙananan ƙwayoyi a jere. Lokacin da aka buga lamba da guduma, ramin da ido ke gani ba shi kaɗai ne ya samu ba. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ramin ma sun matsu, sun murɗe, har zuwa wani zurfi. Ko da an goge saman ya yi sumul, wannan tabon yana nan a ciki.

Masu binciken laifuka suna amfani da wannan. Sukan goge wurin ya yi santsi, su shafa wani ruwan sinadari mai cin ƙarfe. Inda ya matsu da inda bai matsu ba ba sa ciwuwa daidai, sai lambar ta bayyana kamar inuwa na ɗan lokaci, a yi maza a ɗauki hoto. Da haka ake dawo da lambar bindiga ko ta injin mota da ɓarayi suka kankare. Amma aikin ƙwararru ne a ɗakin gwaji. Sinadaran suna ƙona fata, kuma idan aka kuskure lambar ta tafi ke nan har abada. Kada ka gwada a gida.

Ka samu lamba, sai me?

Sai neman littafin. A nan sa'a ta bambanta. Littattafan masana'antar Boosey, tun daga zamanin Distin, suna nan a ajiye a gidan tarihi na Horniman da ke Landan. A cikinsu akwai lamba, da irin abin busar, da ranar da aka yi shi, da sunan ma'aikacin da ya yi, waɗansu littattafan har da sunan mai saye. Vincent Bach shi ma yakan rubuta kati ga kayan da ya ƙera. Conn kuwa gobara ta cinye masana'antarsu sau biyu, a 1883 da 1910. Jerin shekarun da za ka gani a intanet na tsofaffin kamfanoni, da yawansu masu sha'awar tara kayan ne suka harhaɗa daga rasit da tallace-tallace, shi ya sa za ka ga wannan jeri ya saɓa wa wancan da shekara ɗaya ko biyu. Ka ɗauke su a matsayin kusan-kusan.

Don haka mai bincike ba ya dogara da shaida ɗaya. Karanta duk abin da aka zana a mazurarin. Idan ka ga Hawkes & Son ko Boosey & Co, zancen kafin haɗewar 1930 ake yi, ko dab da ita. Idan ka ga Boosey & Hawkes, to bayanta ne. Adireshi ma shaida ne: Besson sun daɗe a lamba 198 Euston Road, Boosey a 295 Regent Street, Hawkes a Denman Street. Sunan ƙasa ma haka. Abin da aka rubuta wa West Germany tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi. Czechoslovakia kuwa ƙasa ce da ta rayu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992. Alamar kibiya mai faɗin kai tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne, galibi na soja.

Akwai kuma haruffa HP ko LP. A da 'yan badujalar Ingila suna saita sautinsu sama da na yau, wajen kaɗawa 452 a daƙiƙa, alhali ma'aunin da aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939 shi ne 440. HP na nufin tsohon saiti mai tsayi, LP na nufin mai ƙasa. Sojan Ingila sun sauko tun ƙarshen shekarun 1920, ƙungiyoyin busa na farar hula kuwa sai tsakiyar shekarun 1960. Idan shaidu uku suka nuna zamani ɗaya, to ka kama hanya.

Lamba tana tona asiri

Don ka ga ƙarfin lambar jere, ga wani misali daga yaƙin duniya na biyu. Ingila da Amurka suna son sanin tankokin yaƙi nawa Jamus ke ƙerawa a wata. Masu leƙen asiri suka ce a watan Agusta na 1942 sun kai 1,550. Masana lissafi kuwa suka tattara lambobin jikin tankokin da aka kama ko aka lalata, suka ce 327. Bayan yaƙi aka buɗe littattafan Jamusawa, sai ga 342.

Dabarar ba ta da wuya. Ɗauki lamba mafi girma da ka gani, ka raba ta da yawan waɗanda ka gani, ka tara sakamakon a kanta, ka cire 1. A ce ka samu turombon 5 na wani ƙaramin kamfani da ya fara ƙirga daga 1, masu lamba 12, 31, 47, 58 da 60. To 60 a raba 5 ya ba ka 12, a tara da 60 ya zama 72, a cire 1 saura 71. Ke nan kamfanin ya ƙera wajen 71. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama daga baya suka daina jera lamba tiryan-tiryan, suka koma cakuɗa ta da haruffa, don kada abokin gasa ya ƙirga musu ciniki.

Mu koma ga kakaki

Kakaki ba shi da siriyal lamba. Maƙerin gida ne ke yin sa, idan ya lalace a gyara ko a yi sabo. Amma yana da abin da turombon ɗin sitonmu ba shi da shi. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Wato a ƙarnin da Turawa ke fara jan turombon, a ƙarnin ne ake danganta shigar kakaki fadar Kano. Busarsa gado ce, ana sanin gidan da ke yi, da sarkin da ake yi wa, da ranakun da ake yi. Anthony King ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan ganguna da kakakin fadar Katsina a shekarun 1960, sannan shi da David Ames suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da suka rubuta daga bakin makaɗa da mabusa suka samo shi.

Ka ga bambancin? Kakaki ba za ka san shekarar da aka ƙera shi ba, amma za ka san hannuwan da ya biyo. Turombon kuwa za ka iya sanin ranar da aka gama shi a Landan da sunan Baturen da ya yi masa walda, amma daga ranar da ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas littafin Landan ya yi shiru. Wa ya busa shi? A wane fareti? Wane tsohon soja ne ya koya wa yaran makaranta? Lamba ba ta san wannan ba. Wannan rabin labarin yana kan dattawan nan biyu da ke gardama a ƙofar sito, da kuma littafin kayan makaranta, idan gara ba ta cinye shi ba.

Abin da ya rage gare ka

Mutumin Safana ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin shaida ba. Makiyayi ya san alamar da ke jikin saniyarsa. Wanda aka ƙwace wa babur a hanyar Runka ko bakin dajin Rugu ya san cewa ko an gano shi, sai ya kawo rasit mai lambar inji kafin a ce nasa ne. Wayar da ke hannunka tana da lamba mai alƙaluma 15, danna *#06# ka gani. Duk ƙa'ida ɗaya ce: lambar da ba a rubuta a wani wuri ba, ba ta da amfani ranar da ake nemanta. A yankin da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, mutane suka bar gida da abin da hannu ya iya ɗauka, takardu ne suka fara salwanta, dattawan da suka san labari kuma suka warwatsu.

Saboda haka idan ka ci karo da irin wannan abu, ko turombon ne, ko bigila, ko tsohon keken ɗinki, ko agogon bango na masallaci, yi abu huɗu kafin mai gwangwan ya ɗora shi a sikeli. Ɗauki hotonsa gaba ɗaya, da na kowane rubutu da ke jikinsa. Rubuta lambobin da inda ka gan su. Zauna da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ka naɗi muryarsa a waya yana faɗin abin da ya tuna, da sunansa da ranar da kuka yi hirar. Sannan ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Idan abin ya nuna alamar tsufa sosai, akwai gidan tarihi na ƙasa a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi a Kaduna, inda ake aiki da irin waɗannan shaidu.

Mai gwangwan zai biya kuɗin tagullar da ba ta kai kilo biyu ba, ya narkar da ita. Kai kuwa aikin da ke gabanka bai wuce na yini ɗaya ba: tocila, tsumma, biro, da haƙurin sauraron tsoho.